Mabiya a Bayan Napep

Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamare a cikin garin Katsina, kuma duk tsawon shekarun nan a abin hawa na haya nake zuwa nake dawowa. Na hau tasi lokacin da ake yayinta, na hau acaɓa har gwiwoyina suka ƙi, na koma napep. Ko lema ban taɓa mantawa a ciki ba. Ni ce ma mai yi wa mata faɗa idan sun sauka suna 'yan lalube-lalube, in ce mutum ya riƙa ƙirga kayansa kafin ya sauko da ƙafa. To, ranar da Fiddausi ta haihu ni na tafka mantuwar da ta fi ta kowa.

Fiddausi ɗiyar ƙanena ce, amma ni na goya ta tun tana wata takwas da uwarta ta rasu. Gwaggo take ce mini, sauran mutane su ce Hajiya Rakiya. Wannan haihuwarta ta biyu ce. Ta fari namiji ne, kwana uku ya yi ya koma. A ruɗanin ranar babu wanda ya tuna ya karɓi mabiya, wato abin nan da ke biyo bayan jariri, wanda a al'ada ake kaiwa gida a wanke a binne ba tare da surutu ba. Da muka tambaya aka ce an haɗa da shara. Tun daga nan Fiddausi ta sa wa ranta cewa abin da ya tafi da yaron ke nan. Na ce mata ajali ne, malamai sun ce mata ajali ne. Takan ce to, amma da ganin idonta ka san ba ta ji ba.

Wannan karon da safe ta sauka, wajen ƙarfe takwas, mace, lafiyayya. Ko ruwa ba ta sha ba ta kamo gefen mayafina.

"Gwaggo, ki karɓa yanzu. Ki tahi da ita gida ki wanke da hannunki, ki binne bayan ɗakinki inda zan riƙa gani in na zo wanka."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na fita bakin asibiti na sayi sabuwar kula irin ta zuba abinci, ja, mai murfi mai kamawa. Nas ta ƙulle mini abin a leda, na sa a ciki na rufe. Lokacin bazara ne, tun ƙarfe goma rana ta fara dukan tsakiyar kai, don haka ban tsaya zaɓe ba, napep ɗin farko da ya matso shi na shiga.

Mai napep ɗin wani siriri ne, zai yi shekara arba'in da ɗoriya, da jin gaisuwarsa ka san daga ƙauye yake. Sai da ya tambayi gida, da gajiya, da mai jiki, kafin ya tayar. Ba shata na ɗauke shi ba, saboda haka a hanya ya tsaya ya ɗauki mata biyu, ɗaya da ƙaton baho na dafaffen rogo. Wuri ya matse. Ban so a ɗora wa kular ƙafa ba, ban kuma so a ce "Hajiya, mi aka dafa?" ba, sai na ɗaga ta na ajiye a ɗan wurin nan da ke bayan kujera. Daga nan waya ta fara. Abbas mijin Fiddausi ya kira daga Funtuwa yana kuka yana dariya, yayata ta kira, matan unguwa suka kira, kowa da barkarsa. Ina cikin amsawa na ɗaga ido na ga mun wuce lungunmu na Ƙofar Durbi.

"Kai, tsaya! Ba na ce maka lungun bayan masallaci ba? Ku kun cika gari, ba ku san gari ba!"

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji shi.

Na sauka waya na kunne, na sallame shi, na ƙirga kayana kamar kullum: jaka, lema, filas, ƙullin kayan wanki. Huɗu cif. Da huɗu na fita daga gida, da huɗu na dawo, zuciyata wasai. Kular ita ce ta biyar, kuma ba ta cikin lissafina.

Abin takaicin ma, ban farga nan da nan ba. Na shiga gida na tuɓe mayafi, na ɗauko fartanya na haƙa rami a bayan ɗaki, mai zurfi, har zufa ta jiƙa mini riga. Na ɗebo ruwa a roba, na yago farin ƙyalle. Sai da na juya in ɗauko kula na ga wayam. Na duba tsakar gida, na duba zaure, har ƙarƙashin gado na leƙa, alhali na san sarai inda na bar ta. Na zauna a bakin ramin. Tsoro na ji, irin wanda rabona da shi tun ranar da yaron nan ya koma.

Duk wanda ya taɓa neman napep ɗaya a cikin Katsina ya san aikin da na ɗauko. Na fito bakin titi na tsaya, ga su nan suna wucewa kamar kiyashi, duk ruwan ɗorawa, duk ƙara iri ɗaya. Na tsayar da ya kai goma sha biyar ina leƙa bayan kujera, masu su suna kallona kamar na taɓu. Wani ya ce in ba tafiya zan yi ba in daina ɓata masa lokaci. A wata rana da ya sha jawabi, ranar kuwa haƙuri na ba shi.

Wani dattijo daga cikinsu ne ya ce in je ofishin ƙungiyarsu, can ake kai tsintuwa. Ya kai ni. Na tarar da wani mai rubutu zaune a bayan tebur, ga tulin lemomi da takalman yara da jakunkunan makaranta a lungu. Na zuba ido, babu jar kula.

"Hajiya, kin riƙe lambar jikin keken?"

"Ban riƙe ba."

"Sunan direba hwa?"

"Ban tambaya ba. Siriri ne, baƙi, da hula, maganarsa ta mutanen ƙauye."

Ya ajiye biro ya yi murmushi. "Hajiya, rabin membobinmu kika kwatanta. To mi ke cikin kular?"

Maza shida ne a ɗakin, duk sun juyo. Wannan ba abin da mace ke faɗa a gaban maza ba ne, kuma ba abin da ake so a ji yana yawo a gari ba ne, don kowa ya san akwai marasa tsoron Allah da ke neman irinsa su yi mugun aiki. Na ce kaya ne dai, na mata. Ya dube ni, ya sake dubana, ina jin ya ɗan gane, don bai ƙara tambaya ba. Ya ce in koma inda na hau. Masu tsayawa a bakin asibiti sun san juna, ko ba su san suna ba sun san keke.

Komawa bakin asibitin nan ya fi mini komai wuya. Dangi sun fara zuwa barka, in wani ya gan ni ya shiga ya ce ga Gwaggo can a waje, me zan ce? Na ja mayafi har goshi, na laɓe a bayan mai lemo da kankana kamar wadda ta yi sata, na yafito masu napep ɗaya bayan ɗaya. Waya ta yi ƙara, Fiddausi ce. Na bar ta ta yi ta yi har ta katse.

Suka taru su huɗu suna yi mini tambayoyi, kuma a nan na ga cewa su ba fuska suke riƙewa ba. Akwai rediyo a ciki? Gilashin gaba a tsage yake? Labule fa, akwai ko babu? Ni da nake taƙamar lura, ashe shekara da shekaru ina shiga abin nan ban taɓa kallonsa ba. Da ƙyar na tuno abu ɗaya: kujerar ta yage ta gefen dama, an ɗinke da buhun taki, don sai da ya kama mini zane da zan sauka.

"Mai buhun taki? Ai keken Sule ne!" in ji ɗaya.

"Da safe ne na Sule," in ji wani. "In an yi azahar na Habibu ne."

Suka yi mini bayani. Keken na wani Alhaji ne, mutum biyu ke jan sa. Sule ya fita da shi bayan asuba, da azahar ya miƙa wa Habibu a wurin wani mai faci a Ƙofar Sauri, Habibu ya yi ta yi har dare. Na duba agogo, biyu ta wuce. Na ce a ba ni lambar wayar Sule. Suka ce wayarsa ta faɗa kwata tun watan jiya.

Wannan karon shata na ɗauka, na ce kada ya tsaya wa kowa ko uwarsa ce. Muka keta gari cikin rana, iskar da ke shigowa ma zafi gare ta. Ni dai lissafin awoyi nake: huɗu ke nan abin yana cikin leda, cikin kula, a wannan zafin. Mai facin muka tarar yana gyangyaɗi a ƙarƙashin dalbejiya. Ya ce ƙwarai an yi canji, kuma ya ga Sule ya sauka da jar kula a hannu. Ya ce har ya tsokane shi ko abincin biki ya samo a zo a ci, Sule ya ɗaure fuska ya rungume ta ya wuce, abin da ba halinsa ba.

Nan take na zargi Sule. Ya buɗe ke nan, ya ga abin da ke ciki, bai kai ofis ba, bai bari a keke ba, ya tafi da shi gida yana ɓoyewa. Allah ya yafe mini, babu irin mugun zaton da ban yi wa bawan Allahn nan ba a wannan lokacin.

Mai faci ya kira Habibu a waya. Muka jira kusan rabin awa kafin ya iso, wani kakkaura mai yawan dariya, ga buhun takina nan a kujera. Ya ce ya san gidan, a Kambarawa yake. Muka bar kwalta muka shiga rairayi, napep na tangaɗi, ni ina riƙe da ƙarfe ina shirya maganganun da zan zazzaga. Har na yanke cewa in ya musa, daga nan sai wurin 'yan sanda, kunya ta tafi inda za ta.

Gidan kango ne da ba a gama ba, an rufa wa ɗaki biyu kwano, sauran bulo ne tsirara. Habibu ya yi sallama. Sule ya fito ba hula, yana ganina ya ce, "Alhamdu lillahi!" har sau uku, ya durƙusa.

"Ina kayana?" Ko gaisuwar ban amsa ba.

"Hajiya, wallahi na koma. Da na sauke masu rogo na gani, na buɗe don in san ko na wa ne. Sau ukku na zagaya Ƙohwar Durbi. Na shiga lungun bayan masallaci, ashe lungu ukku ne. Na ce ina neman wata Hajiya mai tabarau, aka ce wace daga ciki. Aka ce mi ta yar, ni kuwa ban iya hwaɗi. Na koma asibiti, mai gadi ya ce in kawo sunan mai haihuwa, ban sani ba. Ga lokacin Habibu ya yi. Ban iya barin ta cikin keke maza na hawa suna sauka. Sai na kawo ma mai ɗakina."

"To tana ina?"

Ya juya ya kira, "Furera!"

Matar ta fito tana goge hannu a zane, 'yar gajeruwa, ta girmi Fiddausi nesa ba kusa ba. Ta gaishe ni a nutse, ta ce maza su ba mu wuri. Sai da suka fita waje ta ja ni zuwa gefen ɗakinsu. Ga jar kulata nan an wanke an kife a kan bulo. Kusa da ita ƙasa a jiƙe, an daddaɓe, an ɗora rabin bulo a kai.

"Kin binne?" na ce. "Wa ya sa ki? Ɗiyarki ce?"

Ba ta ɗaga murya ba. "Hajiya, ta hwara canzawa. Da na kwance ledar ƙuda suka taso. Na jira ko mai ita ta zo, na ƙara jira. Na ce in na bar ta ta lalace a hannuna Allah sai ya tambaye ni. Na wanke ta ruwa ukku, na yagi sabon ƙyalle na naɗe, na yi bisimilla na sa ta. Kamu biyu na haƙa, ko kare bai tone ta."

Na tsaya ina kallon bulon. Duk maganganun da na shiryo a hanya suka watse.

"Kin iya ne?" na tambaye ta.

"Irinta shida na binne da hannuna, huɗu nawa, biyu na ƙanwata. Duk suna can gida, bayan ɗakin uwar mijina. Shekara ukku ke nan ba mu taka garin ba, tun da 'yan bindiga suka tashe mu." Ta gyara bulon da ƙafa. "Mace ce ko namiji?"

"Mace."

"Allah shi raya ta."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ɗazu da safe na ce wa mijinta sun cika gari, yanzu kuma na zo gidansa da niyyar kai shi wurin 'yan sanda. Na tambaye ta gidan na wane ne. Ta ce aro aka ba su don su yi gadi, mai shi ya ce bayan damina zai ci gaba da gini, a nan wurin ma falo zai zauna, za a zuba siminti. Ta shiga ɗaki ta fito da fartanya ta miƙo mini.

"In kina son ki tahi da ita, ga ta. Ban hana ki. Ni dai ban iya sa hannu in tone abin da na rufe da sunan Allah."

Na karɓi fartanyar, na ɗaga bulon, na durƙusa. Na daɗe a haka. Na tuna yadda ta ce abin ya fara zama, na tuna wata tafiyar a napep cikin rana da shi a cinyata, na ga ba zan iya ba. Na mayar da bulon yadda yake. A kan tabarmarta na yi la'asar, ta ba ni ruwan randa na sha. Da zan fita na tsaya gaban Sule na ce ya yafe mini maganar safe. Ya ce shi bai ma riƙe ba, fasinja sun faɗa masa abin da ya fi haka.

Habibu ya mayar da ni asibiti. Tun daga Kambarawa har Ƙofar Sauri ƙarya nake shiryawa, kuma ƙaryar mai sauƙi ce. Rami na nan a bayan ɗakina, in mayar da ƙasa in ɗora dutse, shi ke nan. Sule bai san sunan Fiddausi ba, Furera ba ta san gidana ba. Amma sai na hango ta tana wankan jego a gidan, kwana arba'in tana fitowa safe da yamma tana kallon wurin, hankalinta kwance a kan ramin da babu komai, ni kuma ina zuba mata kunun kanwa ina kallon ta. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, ko a kan mutuwar uwarta.

Na tarar 'yan barka sun watse, saura ita kaɗai a gado da jaririyar a ƙirjinta. Tana ganina ta yunƙura.

"Gwaggo, tun ɗazu nike kira. An gama?"

Na jawo kujera na zauna, na faɗa mata komai daga farko, ban rage ba, ban kuma ɗora wa kowa laifi ba. Ba ta katse ni ba. Ba ta yi kuka ba, ni da na zaci za ta tara mini asibitin. Da na gama ta sa yatsa a ƙarƙashin hancin jaririyar, ta ɗan jima, ta cire.

"Matar ta wanke da kyau?"

"Ruwa uku. Ta fi ni iyawa."

"Da ƙyalle?"

"Sabo."

"Gidan nasu ne?"

"A'a. Bayan damina za su tashi. Za a yi gini a wurin."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Allah ya saka masu da alheri," in ji ta. Ta kuma cewa, "Ba komai, Gwaggo. Kin sha rana."

Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, har na yi ajiyar zuciya. Tun safe ina ta gudu, ko kallon kirki ban yi wa jikar tawa ba. Na tashi na wanke hannu, na goge a mayafi, na matso bakin gadon na miƙa hannu biyu.

"Kawo ta nan in ga wa ta ɗauko."

Fiddausi ta ja zanen ta ƙara rufe ta, ta ɗan juya kafaɗa wajen bango.

"Barci take, Gwaggo. Bari sai an jima."

Idon jaririyar biyu, ina ganin su ta gefen zanen. Na mayar da hannuwana na koma na zauna.